Katin Asibitin Gidan Malam Badamasi

Ran da Rabi'atu ta kwashe kayanta daga gidan mijinta a unguwar Hay el-Sabi' ta kama ɗaki a unguwar Ma'adi, kowa ya san dalili. Malam Badamasi ya sayar da firjinta ya sayo littattafan fiƙihu mujalladi talatin. Abin da ba a gane ba shi ne yadda aka shekara biyu bai rubuta mata takardar saki ba.

Duk wanda ya tambaya, Malam yakan gyara hannun jallabiyarsa, wadda ba ya naɗewa ko a zafin Agusta, ya yi ajiyar zuciya. "Akwai maganar inshora. Ciwon ƙoda ba wasa ba ne."

Inshorar ta wata ƙungiyar agaji ce a Ma'adi, wadda Malam ke kira "ofishinmu". Ƙa'idarsu ɗaya ce: ma'aikaci da wanda yake aure da shi, muddin igiya tana nan. Ran da ta tsinke, a karɓe kati.

Ɗaliban Malam kuwa suka ɗauki labarin suka yayata har unguwar Faisal. Ai ana ganinsu tare a asibiti duk Litinin da Alhamis, kuma Rabi'atu ta rame. Malam ya soke karatun ranakun nan. Shayi ma in an zuba masa sai ya kurɓa sau ɗaya ya ture, ɗalibai suka ce damuwa ce. Wani har huɗuba ya yi a kan kyautata wa mace ko ta yi yaji, Malam yana sahun gaba, kai a sunkuye. Bai gyara wa kowa zance ba.

A Janairun 2014 kawunta, Alhaji Ya'ƙub, ya sauka daga Kano da batun wani mai kamfanin robobi da ya ce zai jira ta gama idda.

"Ka sakar mana 'ya, Malam. Ba a ajiye mace kamar mujalladi."

"Kawu, a bari a sabunta kati tukuna."

"Kati ne aure?"

Rabi'atu ta karɓi hoton mai robobin, ta daɗe tana dubawa, ta sa a jaka. Malam ya ga shigarsa jakar. Tun daga ranar bai ƙara zama a shagon shayi ba.

Ranar sabuntawa dole su bayyana su biyu. Malam ya riga ta zuwa da awa guda. Madam Awadiyya mai kula da ma'aikata ta buɗe fayil, ta leƙo ta saman tabarau.

"Har yanzu kuna da aure? Gidajenku biyu nake gani a nan."

Malam ya buɗe baki zai kawo bayanin malamai a kan yaji, Rabi'atu ta ɗaga masa hannu. Ta juya biro a yatsunta. Ta dubi jakarta. Gumi ya jiƙa wuyan jallabiyar Malam.

"Muna da shi," ta ce. "Na bana dai."

"Khalas, shi ke nan," in ji Awadiyya, ta buga hatimi.

Rabi'atu ta sa hannu a gurbin ma'aikaciya, ta miƙa wa Malam katinsa, ta ce ya yi sauri kada a ba wani gadonsa na wankin ƙoda, sannan ta hau bene ta koma bakin aikinta.