Akuya Mai Wuyan Balbela

Tun da aka kafa dokar hatimi, ba a ɗora hoto a intanet sai ofishin tantancewa ya buga masa "zane" ko "gaske". Da hantsi Kuluwa ta kai nata: wata akuya mai wuyan balbela da yatsun mutum, wadda ta zana jiya don nishaɗi.

Malam Tanimu, ma'aikacin ofishin, ya zura takardar a na'ura. Hatimi ya fito jawur: gaske.

"Haba Malam, ni na zana ta fa! Ga tawada nan a hannuna."

Ko kai bai ɗago ba. "Wannan tsaga biyu a kunnenta na hagu, shaidar wane gida ce?"

"Ta gidanmu ce. Haka Baba yake yi wa awakinsa, hannuna ne kawai ya saba."

"To, ki wuce gidan mai unguwa. Tun safe take ɗaure a can, ana cigiyar mai ita."

Kuluwa ta yi dariyar yaƙe. Shi bai yi ba.

"Ki hanzarta, Malama. Ke kika ba ta yatsu. Sau biyu tana kwance igiyar, kuma gidanku take nufa."