Lasisin Kan Ƙusa

An dakatar da lasisinsa na tuƙi ranar Litinin a Kano, bisa laifuffukan da suka taru a kan sunansa: gudun wuce sa'a, lodi fiye da ƙima, tsallake danja. Ko ɗaya bai aikata ba.

A tashar Kibiya, lasisin nan a leda yake kwana, rataye da ƙusa a rumfar direbobi. Duk mai shiga birni da ba shi da nasa sai ya zare, ya ce, "Yaya, aron fuskarka." Hoton ya koɗe har ya dace da kowa.

"Kawo sunan wanda ya tuƙa, mu wanke ka," in ji jami'in da ya karɓe lasisin a Kano.

Tun da mai lasisin ya dawo tasha ya kasa zama. Ya zagaya motarsa, ya daki taya, ya leƙa tumatirin da ya fara laushi a kwanduna. A kan benci ƙaninsa ne, da surukinsa, da abokinsa na ƙuruciya, kowa na kallon ƙusar da babu komai.

Har la'asar, motar Kano ko ɗaya ba ta tashi ba. Shi kuma bai faɗi suna ba.