Alkamar da Aka Yanke Kafin Fara Ta Sauka

Ka tambaye ni yadda ake bambance maganar da ta zo daga Allah da wadda bakin mutum ya ƙaga. To, gyara zama ka ji.

A zamanin mulkin Rumawa, lokacin da mabiya Almasihu ba su da yawa kuma ana hantarar su, an yi wani manomin alkama a wani gari mai babban ɗakin gunki. A cikin ɗakin akwai wata bokanya da ke zama bisa hayaƙin turare, jikinta ya yi ta ɓari, bakinta na kumfa, matsafa kuma su fassara wa jama'a abin da ta furta. Da alkama ta fara ja, manomin ya kai rago ya tambayi yadda shekara za ta kaya. Aka ce masa, “Gonarka za ta ƙosar da bakuna masu yawa.” Ya fito yana murna. A hanyar gida ya biya wurin wata tsohuwa mai ginin tukwane, mabiyar Almasihu, don ya sayi tulu. Ta dube shi, hannunta duk yumɓu, ta ce, “Ɗana, je ka sa lauje a gonarka. An nuna mini ina addu'a, fara na tafe kafin watan nan ya mutu. Ka gaya wa kowa. In ba ta zo ba, ga ni nan, ba inda za ni.”

Magana ta bazu, gari ya rabu biyu. Matsafa suka ce ai wannan ba ta ɓari, ba ta kumfa, idonta tar take magana kamar mai cinikin gishiri, ta ina abin bauta ya shige ta? Tsohuwa ta ce wanda ya ba mutum hankali ba sai ya ƙwace shi ba kafin ya yi masa magana. Aka kai ta gaban hakimi, aka yanke cewa in wata ya mutu ba fara, za a farfasa tukwanenta a kore ta daga gari. Shi kuwa manomi abin ya tsaya masa a rai, domin yanke alkama ba ta gama bushewa ba asara ce, ƙwayar za ta motse. Amma ya lura da abu guda: maganar matsafa duk yadda ka juya ta zama take, ita ko tsohuwa ta faɗi abu ɗaya tak, ta kuma ɗora wuyanta a kai. Ya ɗauki lauje. Maƙwabta na yi masa dariya, matarsa na kuka, ya yanke gonar tas, ya shanya, ya sussuke, ya zuba a rumbu ya liƙe.

Wata na dab da mutuwa, da rana tsaka sama ta yi duhu. Fara ta sauka, kana jin ƙarar cinta kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Kafin la'asar gonaki sun koma fili fetal. Jama'a suka ruga ɗakin gunki, babban matsafi ya fito ya ce, “Ai mun faɗa, bakuna masu yawa. Fara ba ta da baki ne?” Jama'a suka juya suka nufi gidan tsohuwa, mata na guɗa, hakimi da kansa ya sauka daga doki ya gaishe ta a durƙushe. Manomi ya buɗe rumbunsa, ya ciyar da unguwa, ya raba iri, kuma da alkamar nan tasa mai motsattsiyar ƙwaya garin ya sake shuka.

Ka ji dalilin da ya sa Hausawa ke cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.