Aikin Ƙarshe na Ƙaramar Likita

Kwana goma sha biyu da rasuwar Ƙaramar Likita aka kawo ƙunshin. Ina durƙushe ina goge ƙafar kujerar cire haƙori lokacin da Sista ta yage ledar, ta ɗago abin da yatsu biyu ta kai shi ƙarƙashin fitila.

Haƙoran roba ne guda huɗu, na gaba na sama. Takardar da ta zo da su babu sunan mai su, babu lambar kati. Sai layi ɗaya da rubutun marigayiyar: a bar wushirya a tsakiya.

"Ikon Allah," in ji Sista. "Mutum zai sa sababbin haƙora kuma ya ce a bar masa ƙofa? Wannan ko wace ce, 'yar gayu ce."

Ta yi dariya, sai dariyar ta koma kuka. Ita ma Ƙaramar Likita wushirya gare ta.

Ni ce mai shara a asibitin haƙorin nan, shekarata goma sha shida. Ban yi boko mai nisa ba, amma na san ƙarfen da ake dafawa da wanda ake yarwa. Na ci gaba da gugata.

Babban Likita, mai asibitin, mutum ne mai ƙa'ida. Ba ya son latti, ba ya son a ci abinci a ɗakin aiki, ba ya ɗaukar 'yan gida ɗaya. Bara ya sallami mai ba da kati ranar da ya gano ƙanen Sista ne. Ya jujjuya haƙoran a tafin hannunsa, ya ce a nemi mai su. In Alhamis ta yi ba a samu ba, a jefa su a kwandon shara, ba a ajiye abu marar suna.

Ni kuwa nake zubar da kwandon.

Shekara uku Ƙaramar Likita ta yi tare da mu. Kafin ta sa madubi a bakin tsoho sai ta tsoma shi a ruwan ɗumi, don kada sanyi ya taɓa masa dasashi. Takan ce wa mara lafiya ya ɗaga hannu in ya ji zafi, kuma in ya ɗaga da gaske take tsayawa. In na zo shara tana aiki, ƙafafunta take ɗagewa in wuce da tsintsiya, ba ta ko kallona. A hanyar garin mijinta motarsu ta kife, can aka binne ta a ranar. Garin da nisa, mutanen asibiti ta waya suka yi gaisuwa. A makon ni ma ban zo aiki ba, na ce musu gwiwata ce.

Sista ta kwashe kwana uku tana kiran marasa lafiyar marigayiyar ɗaya bayan ɗaya. Wani tsohon direba ya zo da murnarsa, aka gwada masa, suka faɗo a cinyarsa.

"Waɗannan na amarya ne, 'yata," in ji shi. "Ni ki samo mini na cin nama."

Wata malamar makaranta ma ta zo, ba su shiga ba. Kullum in an tashi, ni nake ɗauke kofin da aka jiƙa su a ciki in goge ƙarƙashinsa in mayar. Nakan daɗe a wurin fiye da yadda gugar take buƙata.

Ranar Alhamis da la'asar Babban Likita ya leƙo yana cire safar hannu. Sista ta girgiza kai. Ya nuna mata kwando da haɓa. Ta tsiyaye ruwan kofin, ta taka ƙafar kwandon, murfin ya buɗe.

"Sista, tsaya."

Dukansu suka juyo. A shekara goma sha shida ban taɓa ɗaga murya a ɗakin nan ba.

"A gwada mini," na ce.

"Iya, ba takalmi ba ne fa," in ji Sista a hankali. "Na mutum ɗaya ake yi."

"Na sani. A gwada."

Na jingine tsintsiya na hau kujerar. Na sauke gefen mayafin da nake kare bakina da shi in zan yi magana. Babban Likita ya sa sabuwar safa, ya jawo fitila, ya ɗora su a giɓina ya danna da babban yatsa. Na ji sun zauna ɗas. Ya ce in cije, na cije. Ya nemi inda zai rage, bai samu ba.

Na gaya musu wata Asabar ce da rana, bayan kowa ya tafi, marigayiyar ta zaunar da ni ta ɗauki awon bakina. Ta ce kada in tambaye ta komai sai sun zo.

Sista ta miƙo mini madubi. Na karɓa na duba. Rabona da ganin wannan bakin shekara ashirin.

Babban Likita ya daɗe yana duban takardar.

"Iya, ni na ɗauke ki aiki, kuma da giɓin nan kika zo mini. Ita shekara uku kawai ta yi a nan. A ina ta san kina da wushirya?"

Na san ƙa'idarsa, na san abin da ya yi wa ƙanen Sista. Shekara uku ni da marigayiyar muna shigowa ta ƙofa daban-daban saboda ƙa'idar nan. Na ajiye madubin a cinyata.

"A wurina ta gaji tata, Likita. Ni na haife ta."