Butar da Baba Ya Ƙi Sayarwa

Auta ta laɓe bayan rumfar mai soye-soye tana leƙen teburin babanta. Kasuwar bazara ta cika tsohon gari, ana ta cinikin kayan hannu da abinci.

Shekara uku Baba, maginin tukwane, bai bar ta ta wuce kwaɓa yumɓu ba. A ɓoye ta gina butar shayi guda, yau da safe ta cusa ta cikin kayansa. In an saya, za ta samu bakin roƙonsa ya bar ta ta riƙa gini.

Wata mata ta ɗaga butar. "Malam, nawa?"

"Ba ta sayarwa ba ce," in ji Baba, ko murmushi babu.

Wani dattijo ya taya, amsar dai ɗaya ce. Auta ta ja da baya. Wato ya gane, kuma kunyar aikin yake ji. Ta sulale gida ko ruwa ba ta saya ba.

Da yamma ya dawo ya dire butar a gabanta.

"Baba, ka yi haƙuri."

"Mutum goma sha ɗaya suka taya ta," ya ce yana cire takalmi. "Da na sallama wa ta farko, da me zan wuni ina yi wa maginan da ke gefena gori?"

Washegari ta riga shi shiga rumfar aiki. Ta zauna a kujerarsa, ta tura masa bokitin kwaɓi.