Ɗan Taurin da Ya Ɓoye wa Likita Rauni

Zauna ka ji, tunda takardar gwajin jinin nan ta hana ka cin tuwo. An yi wani ɗan tauri, irin waɗanda ke goga wuƙa a ciki ta lanƙwashe. Ran nan a filin wasa wuƙa ta ci amanarsa, ta tsaga masa cinya. Ya ɗaure wurin da tsumma, ya ja wando ya rufe, don in aka ji ƙarfe ya kama shi, sunansa ya riga shi mutuwa. Bayan kwana shida zazzaɓi ya kayar da shi, matarsa ta matsa sai da ya je asibiti, aka ɗebi jininsa. Likita ta ce jinin ya nuna kumburi mai yawa, wato jiki na yaƙi da wani abu. Ta ce gwajin kamar hayaƙi ne da aka hango daga bayan gari, ya nuna akwai gobara, amma bai faɗi gidan da ke ci ba. Ta tambaye shi haƙori, ta tambayi gaɓoɓi da tari, ta zo kan rauni. Ga cinya na zogi, ga matarsa zaune ta zuba masa ido. Ya ce, "Likita, ni ƙarfe ba ya kama ni."

Da aka ce ya hau gado a duba jikinsa, sai ya ce zai zagaya, ya sulale gida. Tsoro ya sa shi gaba, na mutuwa da na bakin mutane, kuma wallahi na bakin mutane ya fi cinsa. Duk sanda ya kwance tsumman sai ya ga wurin ya ƙara baƙi, ya mayar, ya bulbula turare don kashe wari. Ranar da ya kasa tashi, abokan wasansa ne suka ciccibe shi zuwa asibiti, a gabansu aka yanka wandon da almakashi. Likita ta duba raunin. Can ta ce da ranar farko ya nuna, da wanki da allura sun isa, yanzu kuwa sai dai a cire ƙafar a tsira da rai. Jini ya faɗi iya abin da ya sani, sauran bayani yana bakin mai jinin. Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.