Abin da Likita Ya Faɗa

Likita ya dubi Baba, sai ya juya harshe zuwa Turanci, yadda suke yi idan ba sa son majiyyaci ya ji. Ciwon ya gama bin jiki. Babu sauran magani.

"Me ya ce?" in ji Baba.

"Wai gyambon ciki ne. Ka daina cin yaji."

Ko hawaye ban yi ba. Muna komawa gida na tara ɗalibaina a falo, muka ci gaba da darasin Turanci. Baba ya zauna bakin ƙofa, inda ya saba zama shekara da shekaru.

Da suka watse na kawo masa abinci.

"Uwata, kin iya koyarwa," ya ce. "Ko kalma ɗaya ta likitan nan ba ta wuce ni ba. Miƙo min yajin."